Gani Ba Ci Ba Ne

Wata sabuwar hanyar neman taimako ta shigo duniya. Mutum yakan ɗaga wayarsa, ya buɗe Facebook ko TikTok, ya haska fuskar mayunwaci kai tsaye, masu kallo kuwa daga ƙasashe masu nisa su yi ta jefa kuɗi suna rubuta kalmomin tausayi. Da yawa suna yabon wannan abu, suna cewa ai gani ya kori ji. Amma akwai tambayar da ta kamaci kowane mai bayarwa: in zuciyar mutum ba ta motsawa sai ya ga hawaye a gilashin waya, ina makomar wanda ba a haska shi ba? Halin Hausawan ƙasar Sudan ya isa ya ba da amsa.

Waɗannan Hausawa ba jiya suka je can ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Waɗansu kuma maniyyata ne masu tafiya Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawansu suka zama 'yan ƙwadago, suna zaune a ƙananan unguwanni a gefen gonaki waɗanda ake kira kambo.

A Yulin 2022 faɗa ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutum fiye da 100. A Oktoba na wannan shekara aka sāke kashe fiye da 150 a yankin Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gidajensu. Kafin rauni ya warke, sai babban yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. A Disamban 2023 RSF suka kama Wad Madani, babban birnin Jazira, suka bazu cikin ƙauyuka. Soja ba su karɓe birnin ba sai a Janairun 2025, bayan haka ma an kai wa waɗansu mazauna kambo hari bisa zargin sun goyi bayan RSF.

To, a cikin wannan duka, wa ya haska su? A farkon Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar, a Jazira kuwa an yi watanni a haka. Wanda yake so ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya nemi inda aka kafa na'urar Starlink, ya biya kuɗi bisa awa. Matar da ke kambo, wadda aka kwashe mata dawa da awaki, ba ta da wayar da za ta yi kuka a gabanta. Wannan shi ne aibi na fari na sadakar kallo: tana bin inda akwai layi, ba ta bin inda yunwa ta fi tsanani. Mai murya da waya mai kyau ya samu, wanda wahala ta rufe wa baki ya kwana haka.

Aibi na biyu, kuɗin yakan zube a hanya. A Oktoban 2022 BBC ta yi bincike a sansanonin 'yan gudun hijira na Siriya, inda ake zaunar da yara awa da awa suna bara kai tsaye a TikTok. Ma'aikatanta suka aika kyautar dala 106 don gwaji, dala 33 kaɗai ta isa asusun. In mai canji da dillalin da ya ba da aron waya suka cire nasu, abin da zai rage wa iyali dala 19 ne. Kamfanin ya ce rabonsa bai kai haka ba, ya kuma ce bai yarda da irin wannan bara ba. Duk da haka mai bayarwa ya tashi yana jin ya ciyar da maraya, alhali yawancin abin da ya bayar ya tafi aljihun ƙosassu. Sunan Sudan ma an yi ciniki da shi. A Yunin 2019 wani shafin Instagram ya yi alkawarin ciyar da yaro ɗaya a kan duk wanda ya bi shi ya yaɗa saƙonsa. Dubban ɗaruruwa suka bi, ba a ga shaidar ko kwano ɗaya ba, aka rufe shafin.

Aibi na uku ya fi su nauyi, domin ya taɓa mutunci. Bahaushe manomi da ya ciyar da baƙi shekara da shekaru, yau a ce sai ya buɗe ƙirjin ɗansa a gaban duniya a ƙirga haƙarƙari kafin a ba shi mudun gero? Wannan ciniki ne, an sayi kunyarsa da araha. Ga kuma haɗari: a ƙasar da ɓangarorin biyu suka kama masu aikin agaji, aka kashe waɗansunsu, nuna fuska da ƙofar gida kai tsaye yana iya jawo mutuwa.

Wani zai ce, ashe ba hoto ne ya tona asirin azzalumai ba? Gaskiya ne. Ranar 3 ga Yuni 2019, da aka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a Khartum, wayoyin matasa ne suka nuna wa duniya. Ba wanda ya ce a jefar da waya a rijiya. Shaida daban, bara daban. A haska laifin mai ƙarfi, a rufa wa mai rauni asiri.

Waɗanda suka riƙe rayukan mutane a wannan yaƙi ba su yi ta hanyar wasan kallo ba. Matasan unguwanni ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da wuraren dafa abinci na jama'a da ake kira takaya, 'yan'uwansu na ƙasashen waje suna turo kuɗi ta manhajar Bankak, ana dafa wake da adas a manyan tukwane, kowa ya zo da kwanonsa. Da Amurka ta dakatar da agajinta a Janairun 2025, ɗaruruwan waɗannan tukwane suka sauka daga murhu. A nan ne taimako yake da wurin shiga.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Ikkilisiya. Sa'ad da Manzo Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, mutanen Makidoniya ba su ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, suka bayar daga cikin talaucinsu, kuɗin kuwa aka aika ta hannun amintattu da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu kusan dukansu Musulmi ne, amma yunwa ba ta tambayar addini, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda ke cikin bukata.

Saboda haka, kafin dattawa ko zumuntar mata ko ƙungiyar matasa su aika ko kwabo, sai su tambaya: wa zai karɓa, wa ya san shi, nawa zai isa, wa zai kawo lissafi? In za a haska wani abu kai tsaye, a haska tukunya da buhunan dawa da littafin ma'aji. Fuskar yaron kuwa a bar wa uwarsa.