Wa ya ce tsohuwar kwamfuta ta zama shara?

Wani marubuci ya ce tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, duk mai tsohuwar kwamfuta ya je ya sayi sabuwa.

Gaskiya ne Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. To amma kwamfutar da ke buga takardu lafiya lau a shago, me ya lalace a jikinta? Ita kanta Microsoft ta buɗe shirin ci gaba da aiko wa Windows 10 gyaran tsaro har Oktoban 2026. Ga kuma manhajar Linux Mint kyauta, tana tafiya sumul a injin da Windows 11 ta ƙi.

Shawarar marubucin ta masu kumbar susa ce.