A riƙa duba jarirai kafin tamowa ta kama su



Tun bayan yunwar 2005, iyaye mata a Tasawa da Mayahi sun san zaren awon damtse: in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, sai a garzaya likita a karɓo abincin Plumpy'Nut. Wannan ya ceci yara da yawa, mun gode Allah.

Damuwata jariran da ba su kai wata shida ba, waɗanda ba a ba su wannan abinci. Bakwaini, tagwaye, da marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, su ne tamowa ke fara kayarwa. Na ga kaka tana ɗura wa jaririn sati biyu ruwan rijiya da cokali, wai zafi ya yi yawa, dakashin uwar kuwa an matse an zubar. Kafin a samo amalanke zuwa asibiti, gudawa ta gama da shi.

Tun 2006 magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar, amma sai wanda aka kai. Ina roƙon hukumomin lafiya na Maradi su horar da ungozomomi da wakilan lafiya na ƙauyuka, su shiga gidan mai jego kafin ranar suna, su auna jariri, su ga yadda yake kama nono.

Wata mai karatu, Tasawa