Mu san duniya: Girkawan dauri tsakanin dutse da teku

 Watan jiya mun je Masar, inda a zamanin Fir'auna kogin Nilu kan kai wa manomi ruwa da taki har gona. Yau za mu ƙetare Bahar Rum, tekun nan da ke arewa da Masar da Libiya, mu sauka ƙasar Girka. Malamanmu sun san ta da sunan Yunan.

Ƙasar ba ta da girma. Jihar Damagaram kaɗai ta fi ta faɗi. In ka raba ta biyar, wajen kashi 4 duk duwatsu ne, kuma mafi tsawonsu, Olimbus, ya haura mita 2,900. Babu babban kogi irin Nilu ko Kwara. Wurin noma ƴan kwaruruka ne tsakanin dutse da dutse, sai kuma bakin teku. Tekun kuwa ya kutsa cikin ƙasar ta ko'ina, ga tsibirai birjik a cikinsa.

Daminarsu ta saɓa da tamu. Muna hunturu ana yi musu ruwa, muna damina su suna rani. Sukan yi shuka a Oktoba ko Nuwamba, su yi girbi a Mayu ko Yuni. A yankin birnin Atina ruwan shekara wajen milimita 400 ne. Alkama ba ta cika son haka ba, shi ya sa abincin talaka ya zama sha'ir, don ya fi jure ƙishi. Gona a nome ta bana, a bar ta ta huta baɗi. Gangaren dutse da garma ba ta iya shiga sai a dasa masa inabi da zaitun. Zaitun itace ne na mai haƙuri: yakan yi shekaru kafin ya haihu, amma in ya kama sai jikokin jikoki su ci. Da mansa suke girki, da shi suke kunna fitila, da shi suke shafa. Bisa duwatsu kuma awaki da tumaki ne. Da zafi makiyayi ya hau da su, da sanyi ya sauko.

To, ga mai, ga inabi, ga ulu da cuku, amma hatsi ba ya kai su shekara. Wanda ke da mai ba shi da tsaba, dole ya nemi kasuwa. Hanyar tudu wahala ce, jaki ma da ƙyar. Sai suka juya ga teku. Jirgin ruwa ya zame musu abin da raƙumi ya zame wa fatake.

Kafin mu ci gaba, ku lura da lissafin shekarun: ana ƙirga su ne kafin haihuwar Annabi Isa, saboda haka shekara ta 2000 ta riga ta 1200, ita kuma ta riga ta 800.

Waɗanda suka fara cin amfanin tekun nan mutanen Kirit ne, babban tsibirin da ke kudu da Girka. Wajen shekara ta 2000 sun soma gina manyan fadoji. A 1900 ta zamaninmu wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya fara tonon babbar cikinsu, ta Kunosos. Ya tarar da ɗakunan ajiya a jere, cike da randuna, waɗansu sun kai tsayin mutum. Cikinsu ake zuba mai da hatsi. Fadar ita ce rumbun ƙasa duka. Jiragensu na zuwa har Masar. Suna da rubutu nasu, amma har yau ba a samu wanda ya karanta shi ba.

Girkawa na farko suna can kan tudu, a birane irin su Misena, masu ganuwar manyan duwatsu. Mayaƙa ne. Sun koyi sana'a da fatauci da rubutu wurin mutanen Kirit, daga baya wajen 1450 suka mallaki Kunosos kanta. Ɗan koyo ya gaji gidan mai gida ke nan.

Rubutun nasu bisa allunan yumɓu suke yin shi. An tono dubbai, aka yi shekara 50 ana kallonsu kamar tafiyar kaza. Sai a 1952 wani mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi, ya nuna harshen Girka ne. Da aka karanta, me aka samu? Ba tarihin sarakuna ba, ba waƙa ba. Lissafi ne zalla: hatsi kaza, mai kaza, ulu kaza, wane bai cika abin da aka aza masa ba. Allunan Kunosos sun ƙirga tumaki tsakanin 80,000 da 100,000, garke-garke, kowane da sunan makiyayinsa da garinsa. Har sunayen shanun noma an rubuta, wani Baƙi, wani Mai-roɗi. Ashe sa wa sa suna ba yau aka fara ba.

Wajen 1200 fadojin nan suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Masana ba su haɗu kan dalili guda ba: akwai masu cewa yaƙi, akwai masu cewa fari da yankewar fatauci. Wutar da ta ci fadojin ita ta gasa allunan suka yi tauri kamar tukunya, shi ya sa suka kawo yau. Amma rubutun kansa ya mutu. Alamominsa sun kusa 90, kuma magatakardan fada kaɗai suka iya shi. Manomi bai iya ba, makiyayi bai iya ba. Da fada ta faɗi babu mai koya wa wani. Girka ta yi wajen shekara 400 ba mai karatu. A ganina da an bar talaka ya koya, da wuta ba ta cinye shi ba.

Teku ne ya maido musu da shi. Wajen 800 suna ciniki da Finikiyawa, fataken ruwa na bakin tekun da ake kira Lubnan yanzu. Su baƙaƙe 22 ne gare su, ba wasali. Girkawa suka ara, suka mai da waɗansu wasula, abin ya zama mai sauƙin koyo har masu ginin tukwane suna rubuta sunayensu. Harafin farko Finikiyawa na ce masa alef, wato sa. Ku rubuta babban A, ku juya shi kai ƙasa, za ku ga kan sa da ƙahoninsa biyu. Daga Girka baƙaƙen suka shiga Italiya, Rumawa suka ɗauka, daga nan bokon da kuke karanta wannan jarida da shi ya fito. Alif da ba na allo ma tushensu ke nan, ta wata hanyar suka biyo.

Duwatsu kuwa ba su bar Girkawa sun zama ƙasa ɗaya ba. Kowane kwari da birninsa, da dokarsa, da rundunarsa. Biranen sun haura 1,000. Harshe ɗaya ne, kuma tun 776 sukan taru wasannin Olimpiya duk shekara 4, amma faɗa bai ƙare tsakaninsu ba.

Da jama'a ta yi yawa, gonar uba aka yi ta raba wa ƴaƴa har ta kasa riƙe kowa. Mutanen Siparta suka ci maƙwabtansu na Mesiniya da yaƙi, suka sa su noma musu. Sauran suka shiga jirgi. Tsakanin 750 da 550 sun kafa garuruwa a kudancin Italiya, da bakin Baƙin Teku, har da Marsai ta Faransa. Wannan ba cin rani ba ne, tafiya ce ba dawowa. Marubucin tarihinsu Hirodotus ya ba da labarin tsibirin Tera (ba Tera tamu ta yamma da Yamai ba). Aka shekara 7 ba ruwa, itatuwa suka bushe. Gari ya yanke shawara a jefa ƙuri'a tsakanin ƴan uwa maza, wanda ta faɗa kansa ya tafi. Jirage 2 suka nufi Libiya. Da abin ya yi musu wuya suka juyo gida, amma danginsu suka tsaya bakin ruwa suna jifansu, suka hana su sauka. Dole suka koma. Su suka kafa birnin Kirene wajen 630, ya zo ya fi Tera arziki nesa ba kusa ba.

Atina ta bi tata hanyar. Ta sayar da mai da tukwane, ta haƙi azurfa, ta sayo alkama daga bakin Baƙin Teku, ƙasashen Yukren da kudancin Rasha na yau. Ta ƙasaita, ta tara jiragen yaƙi da malamai da magina. Sai dai abincinta ta wani siririn mashigin ruwa yake biyowa, wanda ake kira Dardanel, cikin Turkiyya ta yanzu. Siparta ta yi fiye da shekara 25 tana yaƙi da ita, ta sha ƙone mata gonaki, ba ta ci birnin ba. A 405 ta farfasa jiragen Atina a mashigin nan, ta tare hanyar alkama. Ganuwar birnin na nan tsaye ba ko tsaga, amma cikin gari mutane suna mutuwa da yunwa. A 404 Atina ta buɗe ƙofa.