Raba Kalma da Haɗa Kalma a Saƙon Manomi: Aikin da Ke Jiran Masana Hausa

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, manomi ya saba karɓar saƙon taki da iri ta wayar salula, musamman tun 2012 da gwamnatin tarayya ta fara sanar da tallafin taki ta wannan hanya. Sai dai Hausar da ke isa wayarsa takan zo da rauni. Idan aka cire lanƙwasar ƙ, aka kuma haɗe kalmomi, "ta ƙi" sai ta koma "taki", umarnin "ka sa" ya rikiɗe ya zama "kasa". Mai karanta wa dattijo saƙo yana iya juya masa shawarar malamin gona ba tare da ya sani ba.

Wannan raunin yana da dalili. Gajeren saƙo yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ɓ, ɗ ko ƙ ta shiga, sai ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. Don haka masu aikawa sukan zubar da lanƙwasa, su matse kalmomi. Haka kuma wasu manhajoji suna ɗaukar alhamzar da ke cikin "sana'a" ko "'ya'ya" a matsayin iyakar kalma, su tsinka ta biyu.

Harshen Tai na ƙasar Tailan ya fuskanci abin da ya fi wannan tsanani, domin rubutunsa ba ya barin sarari tsakanin kalmomi. Kwamfuta ba ta iya sanin inda za ta karya layi sai an ba ta ƙamus. An tattara jerin kalmomin, an shigar da shi cikin manhajoji irin su ICU, wadda wayoyi da yawa ke dogaro da ita, har matsalar ta yi sauƙi ƙwarai.

Aikin Hausa bai kai wannan nauyi ba, tunda ƙa'idojinta suna nan. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita rubutunta, ana kuma koyar da raba kalma da haɗa kalma a makarantu. Abin da ya rage shi ne a mayar da waɗannan ƙa'idoji jerin da na'ura za ta iya karantawa: kalmomin da ake rabawa, waɗanda ake haɗawa, masu alhamza, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts waɗanda bai kamata a raba su a ƙarshen layi ba.

Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo su haɗa hannu da masana kwamfuta su fitar da wannan jeri kyauta. Idan suka yi jinkiri, kamfanonin waje za su koyar da na'urorinsu daga rubutun da ke yawo a Facebook, kuskuren da ya fi yawa ya zama ƙa'ida, manomi kuma ya ci gaba da biyan kuɗinsa a gona.