Shari'ar kava: gyara ya fi hani

A tsibiran tekun Fasifik, kamar su Banuwatu, Fiji, Tonga da Samowa, akwai wani tsiro da ake kira kava. Saiwarsa ake dakawa, a jiƙa da ruwan sanyi, a tace, a sha. Ba giya ba ce, amma yana sa jiki ya saki. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake sulhu, kuma da kuɗinsa manoma ke riƙe iyalansu.

Cikin shekara ta 2002 hukumar magunguna ta Jamus ta hana sayar da magungunan kava, don an sami ciwon hanta ga waɗansu masu shan su. Faransa ta dakatar da su a wannan shekara, Ingila ta bi sahu a 2003. Nan da nan kasuwar Turai ta rufe, hasara ta faɗa kan manoman da ba a ko shawarce su ba.

Hanta ba abin wasa ba ce, kuma wajibin kowace gwamnati ne ta tsare lafiyar jama'arta. Sai dai abin da Turawa suka sha ya bambanta da na tsibiran. Kamfanoni kan tatso ƙarfin saiwar da barasa ko wani sinadari, su mai da shi ƙwayoyi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. A 2014 wata kotun birnin Kolon ta soke hanin Jamus, ta ce hujjar ba ta isa ba, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2015.

Banuwatu ce ta nuna hanya. Dokarta ta 2002 ta ce irin kava mai daraja kaɗai za a fitar waje, shi ma sai ya shekara biyar a gona. Fiji ta gabatar da ƙudurin tata dokar a 2016. A 2020 hukumar ƙa'idojin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da ma'auni ga kavan da ake haɗawa da ruwa.

Ba a ce kava ba shi da illa ba. Yawan shansa na busar da fata, yana kawo kasala. Maganin wannan shi ne sa ido: a san irin da aka shuka, a yi amfani da saiwa ban da ganye, a rubuta gargaɗi jikin kaya. Ya kamata ƙasashen da har yanzu ke hani, kamar Ingila, su sake duba dokarsu bisa wannan ma'auni.