Ina makaho ina golf?

Da aka zo neman masu sa kai don tafiyar da gidauniyar golf ta masu buƙata ta musamman, wasunmu dariya suka yi, wai ina makaho ina wasan manya na Ikoyi. Mu dai ba mu ga abin dariya ba.

Ƙwallon golf ba gudu take yi ba, a ajiye take sai an buge ta. A 2023 kuma aka shigar da tanadin naƙasassu cikin ainihin dokokin wasan: makaho na da damar shiga fili da ɗan jagora, ya daidaita masa tsayuwa, ya saita shi da rami. To wa zai zama ɗan jagoran? Wa zai tura keken gurgu, wa zai riƙe lissafin kuɗi da amana?

Jama'a, duk mun san Okobaba da ke Ebute Meta, mun kuma san yaren da aka fi ji a can. Mun saba miƙa naira ɗari ta tagar mota mu wuce. Wannan karon Asabar ɗaya a wata ake roƙonmu, kuma ba sai mun iya riƙe sandar ba.