Ƙarfin Tofo a Itacen Fiya Ba Shi Ne Albarka Ba

Fiyar da ake nufi a nan ita ce 'yar'uwar tuffa, ba fiyar da aka saba gani a kasuwannin Nijeriya mai ƙwallo ɗaya a ciki ba. Itaciya ce ta ƙasashen sanyi, wadda ba ta fure sosai sai ta yi barcin hunturu. Masana na auna wannan barci da awoyin da iska ta yi tsakanin digiri 0 da 7 na ma'aunin Salshiyas. Irin Bartlett na bukatar awoyi 800 ko fiye. Amma akwai ire-iren da awoyi 300 ko ƙasa da haka suka ishe su, kamar Hood, da Flordahome wadda Jami'ar Florida ta Amurka ta fitar a 1982, da Patharnakh ta yankin Punjab a Indiya.

Masu dasa waɗannan ire-ire a bayan gida sukan yi murna da saurin girmansu, su ƙara musu taki, suna ganin tsawo shi ne lafiya. Wannan kuskure ne. Tsinin reshen da ya miƙe tsaye yana fitar da sinadarin oksin, wanda ke hana idanun da ke ƙasa da shi buɗewa. Ita kuwa fiya a kan 'yan gajerun rassa masu shekara biyu ko fiye take yin yawancin 'ya'yanta. Saboda haka itaciyar da ke ta harbawa sama sai ta jinkirta haihuwa, ta cika gida da inuwa kawai.

Abin da ya fi wannan muni shi ne cuta. Bakteriyar Erwinia amylovora, mai haddasa ƙunar reshe, ta fi kama sabon tofo mai taushi, irin wanda yawan takin naitirojin ke jawowa. Sai reshen ya yi baƙi kamar an babbaka shi, tsininsa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Hood na da juriya ga cutar, amma juriya ba ta hana kamuwa ƙwata-ƙwata.

Wasu na cewa a datse rassan da ƙarfi. Ai datsa mai yawa sabon tofo take ƙara tayarwa. Dabarar da ta fi ita ce a lanƙwaso rassan tun suna ɗanye, a ɗaure su da igiya har su buɗe kamar digiri 45 zuwa 60 daga gangar itaciyar, a kuma rage taki. Mai sayen dashe ya tambayi gindin da aka yi wa aure: Pyrus calleryana na ba da babbar itaciya, gindin kwins kuwa yana taƙaita girma, ko da yake ba kowane iri ke karɓarsa ba. A ƙarshe a dasa iri biyu kusa da juna, alal misali Hood da Flordahome, domin ƙudan zuma su kai garin furen wannan zuwa wancan.